Gudun Fanfalaki Domin Marasa Lafiya

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira fituwitari. Ita ke daidaita girman jiki da haihuwa. Idan ƙari ya fito mata, sai ciwon kai ya matsa, ganin gefe ya ragu, al'adar mace ta ɗauke. Galibinsa ba daji ba ne, kuma yana jin magani ko tiyata.

Sai dai jinya na buƙatar kuɗi. A Landan, tun 1981 masu gudun fanfalaki na kilomita 42 ke tara wa marasa lafiya kuɗi, ciki har da waɗanda suka tashi daga jinya.

A Sabon Birni da Isa kuwa, sau da yawa irin wannan ciwo na fituwitari sammu ake ce masa. Wanda ma ya gane, kuɗin mota da fargabar hanya su hana shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa.

Gobirawa sun san gayya. Matasa su shirya tsere cikin gari, attajirai su saka kuɗi, a kai marasa lafiya gwaji. Allah Ya ba mu lafiya.