Jawabin Shugaban Hukumar Gudanarwa a Bikin Yaye Ɗaliban Kasuwanci da Hulɗar Ƙasashe

 

Mai girma Gwamna, wanda mai girma Kwamishinan Ciniki da Masana'antu ya wakilta, Mai Martaba Sarki, uban taro, Allah Ya ja zamaninka, Ya ƙara maka lafiya, masu girma 'yan majalisa, hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu magada annabawa, shugaban wannan makaranta da mataimakansa da magatakarda, abokan aikina na hukumar gudanarwa, shugabannin 'yan kasuwa da masu masana'antu, jami'an tsaro, iyayenmu mata, 'yan jarida, sai ku 'ya'yana da ake yayewa yau, waɗanda dominku aka shimfiɗa wannan zama. Wanda ban ambata ba ya yafe mini, girmansa na nan. 

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. A shekarar karatun da ta ƙare, makarantar nan ta gyara azuzuwa, ta ƙara malamai, ta buɗe ɗakin kwamfuta, ta sake rufin ɗakin kwanan ɗalibai mata, ta tura 'yan ajin ƙarshe koyon aiki a kamfanoni da bankuna, kuma an biya albashi a kan kari ba tare da an ci bashin kowa ba. Shugaban makaranta, Allah Ya saka da alheri. Malamai, mun ga ƙoƙarinku.

'Ya'yana, an roƙe ni in kafa muku misali da wani mutum guda da za ku riƙa kallo. Ban je nesa ba. Na ɗauko Ambasada Hassan Adamu, Wakilin Adamawa, haifaffen 1940. Na ga 'yan'uwanmu Barebari na sahun gaba sun fara gyara zama tun da suka ji zan yabi Bafulatani. Ku yi haƙuri, yau ranar taubasanku ce, taku na tafe.

Manya a nan sun san shi, ba sai an ja ba. Ɗan kasuwa ne, mai masana'anta, har ya zama shugaban Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, wato MAN, wadda aka kafa a 1971. Ya zama jakadan Nijeriya a Amurka daga 1996 zuwa 1999. Da farar hula ta dawo, Shugaba Obasanjo ya naɗa shi Ministan Muhalli, shi ne na farko da ya riƙe wannan ma'aikata, sannan aka mayar da shi Ma'aikatar Gona a 2000. Daga baya ya shugabanci hukumar gudanarwar NDIC, mai tsare wa talaka ajiyarsa idan banki ya durƙushe. Ga kuma rawanin Wakili a fadar Lamiɗo.

Jera muƙamai abu ne mai sauƙi. Abin da nake so ku duba shi ne lokacin da aka ɗora masa kowane kaya.

Ya yi magana da yawun masu masana'antu ne a shekarun da raɗaɗin tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya kama kowa. Ku ba a haife ku ba. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. A 1986 aka buɗe kasuwar musayar kuɗi, naira ta fara gangarowa, mai injin da yake sayo kayan gyara da sinadarai daga waje ya wayi gari jarinsa ya zama rabi yana kwance a kan gadonsa. Wanda ya shugabanci masu masana'antu a irin wannan yanayi ya koyi shiga ofishin soja mai mulki ya faɗi gaskiya mai ɗaci, ya kuma fito ƙofar ba ta rufe a bayansa ba. Diflomasiyya ke nan tun kafin a ba shi sunanta.

To, Washinton fa? A watan Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas. Ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da mu. Amurka ta kira jakadanta Walter Carrington gida, ta tsananta hana manyan jami'anmu biza. Jirgi ba ya tashi kai tsaye daga Legas zuwa Amurka tun 1993, kuma ba a ɗage wannan takunkumi ba sai ƙarshen 1999. Duk da haka, Amurkar nan ita ce babbar mai sayen ɗanyen manmu. A cikin wannan hali aka ce wa ɗan kasuwa ya ɗauki jakarsa ya je ya tsaya a madadin ƙasa. Yana kan wannan kujera Janar Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998. Yana kai Cif Abiola ya rasu bayan wata guda, a gaban tawagar Amurka da ta zo ganinsa a Abuja. Yana kai Janar Abdulsalami ya shirya zaɓe aka miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 1999. Kowa na da ra'ayinsa a kan gwamnatin wancan zamani, ni ma ina da nawa. Amma gida ko yana cin wuta sai an samu mai tsayawa a bakin ƙofa yana amsa sallamar maƙwabta, kuma ba kowa ke iya wannan tsayuwa ba.

  

Ma'aikatar Muhalli ma ba shimfiɗaɗɗiyar tabarma ya tarar ba. Hukumar kare muhalli ta FEPA ce ake da ita, wadda aka kafa a 1988 bayan an jibge mana guba daga Italiya a garin Koko. Daga ita aka tayar da ma'aikata sukutum, ga malalar mai a Neja Delta, ga zaizayar ƙasa a kudu maso gabas, ga hamada tana cin gonakinmu daga Sakkwato har Yobe, ga Tafkin Chadi yana ja da baya.

Me ya sa ake kiran ɗan kasuwa a irin waɗannan wurare? Ni dai ga abin da na gani a rayuwata. Mutumin da ya taɓa kwana bai runtsa ba saboda gobe ƙarshen wata ne, ma'aikata za su yi layi a tagar akawu, dizal ya ƙare, kaya na tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya na hawa, wannan mutum idan ya zauna a teburin gwamnati ya san nauyin sa hannu. Ya san takardar da aka bari ta kwana a tire wani gida ne ta hana ɗora tukunya.

Abin da zan faɗa yanzu ba ya cikin takardar da aka shirya mini, amma shi ya fi damuna.

Irin waɗannan mutane masana'anta ce ta haife su. Ina masana'antun? Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957, da masaƙar Arewa, da sauran na Kakuri, ku je ku gani. Ku zaga Sharaɗa da Bompai da Chalawa ku ƙirga ƙofofin da kwaɗonsu ya yi tsatsa. Na shiga wata masaƙa da na sani tun tana aiki dare da rana, lokacin da idan an tashi daga aiki kekuna ke toshe titi, mai kunu da mai ƙosai su sayar da komai kafin magariba. Na tarar da ita tsit, yanar gizo ta lulluɓe injuna, tattabaru sun yi sheƙa a kan ƙarfen rufi, maigadi ɗaya tal yana shanya kuɓewa a inda ake loda atamfa. Wallahi sai da na share hawaye.

A 2000 Amurka ta kafa dokar AGOA, ta buɗe wa kayan Afirka ƙofa ba haraji. Lesoto da Kenya suka ɗinka tufafi suka kai. Mu mafi yawan abin da muka kai ɗanyen mai ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa. Ba jakadan da zai iya sayar da waken da ya faɗi a gwaji, komai iya bakinsa. Muna da riɗi, muna da zoɓo da ake nema har Meziko, muna da cittar Kachiya, muna da fatar jan akuyar Sakkwato da duniya ta daɗe da saninta. Ga yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019. Kasuwa a buɗe take. Abin da ya rage shi ne kayanmu su ci jarrabawa.

Saboda wannan ne muka ƙudiri gina ɗakin gwajin kaya a makarantar nan, inda yaro zai koyi auna damshin riɗi, ya gano guba a gyaɗa, ya san yadda ake cike takardar fitar da kaya kafin ya yi asarar kwantena. A wannan zauren muka yi gidauniya. A wannan lasifikar aka yi ta shelar miliyoyi, maroƙa na kirari, ana tafi, 'yan jarida suka kai gidajen rediyo. Ku leƙa ta tagar hagu. Ga ginin can ya tsaya a linta, damina biyu ta wuce a kansa, ciyawa ta fi bulo tsawo. Abin da ya shigo asusu ko kusa bai kai abin da aka faɗa ba. Na aika wasiƙa, na aika mutum, na je da ƙafata gidaje da ofisoshi, a ce mini Alhaji ya yi tafiya, alhali motarsa na rumfa.

Ba zan kama suna ba, mai kaza a aljihu shi ya san kansa. Amma alkawari kaya ne. Mu 'yan kasuwa da baki muke ciniki. Kakanninmu fatake sun kai goro daga Gwanja, sun karɓi bashi ba takarda ba shaida, sun dawo bayan shekara sun biya. Yaya za mu tara yara mu ce su zama jakadun ƙasa, masu magana ɗaya, alhali sun ga manyansu sun yi shela a bainar jama'a sun janye? Waɗannan da muke yayewa yau sun shigo da fatan za su yi aiki a ɗakin nan. Sun fita ba su taɓa ganin cikinsa ba. Wannan haƙƙi ne a wuyanmu, kuma ba na so 'yan bayansu su fita haka.

Akwai wani bawan Allah mai shago ɗaya a kasuwa da ya yi alkawarin buhun siminti ashirin, washegari da safe ya kawo su a kura da kansa. Ya hana a faɗi sunansa. Allah Ya san shi, Allah Ya yi wa dukiyarsa albarka.

Ranka ya daɗe Kwamishina, muna roƙo ka isar wa mai girma Gwamna da gaisuwarmu da buƙatarmu ta tiransifoma, domin na'urar gwaji ba ta aiki da hasken fitila. Allah Ya taimaki Sarki, muna neman a sa mana baki, kalma ɗaya daga fada ta fi wasiƙunmu ɗari.

Ku kuma 'ya'yana, shaidar da za ku karɓa yau takarda ce. Ku shiga kasuwa ku fara daga ƙasa, ku koyi awo, ku koyi Faransanci don maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Binin da shi suke aiki, ku biya bashi ranar da kuka ce. Idan wata rana ƙasa ta kira ɗayanku kamar yadda ta kira Wakilin Adamawa, ya je da sana'arsa a hannu da sunansa a wanke. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa iyayenku su ci moriyarku.

Masu alkawari, akawun makaranta yana zaune a bakin ƙofar fita da littafin rasit. Don Allah a biya ta wurinsa kafin a shiga mota.