AMSOSHIN TAKARDUNKU: Shin Kowa Da Kowa Ne Ya Yi Murnar Bikin Sarauniyar Ingila?

 

Yau takardu biyu za mu haɗa, don kuwa bakinsu ya zo ɗaya. Ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Yana so a ba shi labarin bikin da aka yi wa Sarauniyar Ingila sa'ad da ta cika shekara 70 a gadon sarauta, ya kuma ce shin duk mutanen ƙasar ne suka yi murna, kuma su da ke taƙama da zaɓe, me ya sa har yanzu suke riƙe da sarautar gado? Ta biyun kuwa daga wani mai sayar da hatsi ce a kasuwar Dawanau, shi tambayarsa gajera ce: wa ya biya kuɗin bikin?

To, malamai, mun gode. Sai ku gyara zama.

Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta gaji mahaifinta, Sarki George na Shida, ran 6 ga watan Fabrairu, 1952, tana 'yar shekara 25. Labarin rasuwarsa ma a Kenya ya iske ta, ta je ziyara. Al'adar gidansu ce idan sarki ya daɗe a kan gado a yi masa biki. Na shekara 25 su ce bikin azurfa, na 50 bikin zinariya, na 60 bikin lu'ulu'u. An yi wa Sarauniya Victoria nata a 1887 da 1897. Ita Elizabeth an yi mata a 1977, da 2002, da 2012, sa'an nan na shekara 70 a 2022. Wannan na ƙarshe babu wani sarki ko sarauniyar Ingila da ya taɓa kai wa gare shi kafin ita.

Kwana huɗu aka yi ana shagali, daga Alhamis 2 ga watan Yuni zuwa Lahadi 5 ga wata. An yi faretin soja da dawaki a Landan, jiragen sama suka yi shawagi bisa fadar Buckingham, aka kunna wuta a kan tuddai da manyan wurare ko'ina cikin ƙasa. A unguwanni kuma aka tare tituna, aka jera tebura, kowane gida ya fito da abincinsa aka ci tare. Ita mai bikin tana da shekara 96, ƙafa ta yi nauyi, ko addu'ar godiya da aka yi a majami'ar St Paul ba ta samu zuwa ba. Ta dai leƙo ta benen fada ran farko da ran ƙarshe ta ɗaga wa jama'a hannu. Bayan wata uku, ran 8 ga Satumba, ta rasu, ɗanta Charles ya gaje ta.

Yanzu ga tambayarka, malam manomi, ko kowa ya yi murna. Amsa ita ce a'a. Mutanen ƙasar sun kasu kashi uku.

Kashi na farko masu son sarautar ne har zuci, kuma su suka fi yawa. In ka tambaye su dalili, sai su ce maka sarauniya ba ta da jam'iyya. Firayim Minista 15 suka yi aiki a zamaninta, tun daga Winston Churchill har Liz Truss, wadda ta naɗa kwana biyu kafin rasuwarta, amma ba a taɓa jin ta fito fili ta ce ga wanda take so ba. 'Yan siyasa su zo su wuce, ita tana nan. Kai, a cikin wannan bikin ma an ga misali. Da Firayim Ministan lokacin, Boris Johnson, ya iso ƙofar majami'ar nan, sai wasu cikin taron suka yi masa ihu, alhali kuwa mutanen nan don girmama sarauniya suka fito. Tsofaffi kuma suna tuna cewa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, a 1945, ta sa kakin soja ta koyi tuƙi da gyaran mota.

Kashi na biyu su ne 'yan ba-ruwanmu. An ba da hutu, sun ji daɗi, sun ci sun sha, wasu ma sun yi tafiyarsu. Ai ka san ko a hawan salla ba duk wanda ka gani a ƙofar fada ne ya zo don sarki ba. Wani kallon dawaki ya kawo shi, wani rake ya zo sayarwa, wani kuma yara ne suka matsa masa. Saboda haka yawan taro kaɗai ba ya gaya maka abin da ke zuciyar mutane.

Kashi na uku masu adawa ne, waɗanda ke son a soke sarautar a riƙa zaɓen shugaban ƙasa. Suna da ƙungiya mai suna Republic, kuma a lokacin bikin sun kafa manyan alluna a birane suna kira da a rufe sarauta daga kan Elizabeth. Hujjarsu ita ce bai kamata mutum ya zama shugaban ƙasa don kawai an haife shi a wani gida ba. Suka kuma ce lokacin bai dace da shagali ba, don a watannin nan tsadar kaya ta haura kashi 9 cikin 100, abin da ƙasar ta yi shekara 40 ba ta gani ba, magidanta na kukan kuɗin wuta da na abinci. Irin wannan ƙorafi ba sabo ba ne. Bikin 1977 ma ya zo ne shekara guda bayan gwamnati ta ciwo bashi daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, har wasu samari mawaƙa suka fitar da waƙar shaguɓe ga sarauniya, gidan rediyon BBC ya ƙi sa ta.

Kamfanin YouGov mai jin ra'ayin jama'a ya yi tambaya gab da bikin 2022. Kimanin mutum shida cikin goma suka ce a bar sarauta, kimanin biyu suka ce a koma zaɓe, sauran suka ce ba su yanke ba. Amma a cikin matasa 'yan shekara 18 zuwa 24, masu so da masu ƙi kusan kunnen doki suka yi. Wannan shi ne abin da ya fi damun fada, don matasan nan su ne manyan gobe.

To me ya sa ƙasar zaɓe ta riƙe sarauta? Don sun daɗe da raba ta da mulki. Rigima tsakanin Sarki Charles na Farko da majalisa ta kai ga yaƙi, aka kama shi, a 1649 aka fille masa kai, ƙasar ta zauna shekara 11 ba sarki. A 1660 aka dawo da ɗansa, a 1689 kuma aka kafa dokar da ta hana sarki sa haraji ko dakatar da doka ba da yardar majalisa ba. Yau sarkin Ingila ba ya yanke shari'a, ba ya raba fili, ba ya ɗaure kowa. Dokar da majalisa ta yi sai ya sa hannu, kuma rabon da a ƙi sa hannu tun 1708. Watau girma na sarki ne, iko na majalisa. Mai gari da ba ya karɓar haraji ai ba kasafai ake tsine masa ba.

Sai mu juyo gare ka, malam ɗan kasuwa, kan batun kuɗi. Gwamnati ta ware fam miliyan 28 daga baitulmali don shagulgulan bikin, ka ga wannan kuɗin jama'a ne. Abincin unguwanni kuwa mutane ne suka yi karo-karo. Masu gidajen abinci da masu sayar da tutoci sun ci kasuwa, masu masana'antu kuma sun yi asarar ranar aiki. Kai ma ka san ranar da kasuwa ba ta ci ba, wani ya huta, wani ya kwana da yunwa.

Akwai kuma kuɗin da ake ba fada duk shekara. Asalinsa, a 1760 Sarki George na Uku ya miƙa wa gwamnati ribar gandun sarauta, aka yanka masa abin da za a riƙa ba shi. Gandun nan ya haɗa da gonaki, da manyan kantuna a tsakiyar Landan, har da ƙasan tekun da ke kewaye da ƙasar. Ribar takan shiga baitulmali, a ɗebi wani kaso a ba fada. A shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022 an ba ta fam miliyan 86 da dubu 300, ciki har da kuɗin gyaran fadar Buckingham. Fada ta ce in aka raba, kowane ɗan ƙasa fam 1 da kwabo 29 ya biya. Masu adawa suka ce lissafin bai cika ba, don ba a sa kuɗin 'yan sanda da sojan da ke gadin gidan ba, ba a kuma sa abin da sarki da magajinsa ke samu daga wasu gandaye biyu na daban ba. Masu goyon baya su ce ai baƙi 'yan yawon buɗe ido na kawo kuɗi, masu adawa su amsa cewa Faransa ba ta da sarki amma fadar Versailles ba ta rabo da baƙi. Gardamar ba ta ƙare ba har yau.

Abin da ya kamata ka lura da shi, malam, shi ne ana buga lissafin nan duk shekara, kowa ya karanta. Ba kuma haka kawai aka kai nan ba. Shekarar 1992, da sarauniya ta cika shekara 40, ba a yi wani babban biki ba, shekarar kuma ta zo mata da ɗaci. Auren 'ya'yanta uku ya lalace, sa'an nan ran 20 ga Nuwamba gobara ta ci wani sashe na fadar Windsor. Da aka ce da kuɗin jama'a za a gyara, sai mutane suka yi ca, suka ce yaya wadda ba ta biyan harajin kuɗin shiga za a gyara mata gida da harajin talaka? Ba a jima ba aka sanar cewa za ta fara biyan haraji daga 1993, aka kuma buɗe fadar Buckingham ga masu kallo suna biyan kuɗin ƙofa, da shi aka biya yawancin kuɗin gyaran. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Fada ta gane cewa in tana cin kuɗin jama'a, dole ta saurari jama'a.

A waje da Ingila kuma ra'ayi ya fi rabuwa. Lokacin bikin, ƙasashe 14 ne ban da Birtaniya ke ɗaukar sarauniya a matsayin shugabar ƙasa, irin su Kanada da Ostireliya da Jamaika. Barbados ta fita daga sahun ran 30 ga Nuwamba, 2021, ta naɗa shugabarta. A watan Maris na 2022 jikan sarauniya, Yarima William, ya je Jamaika ziyarar bikin, sai ya tarar da masu zanga-zanga suna neman a ba da haƙuri a kuma biya diyyar cinikin bayi. Ostireliya kuwa ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1999, kimanin kashi 55 cikin 100 suka ƙi amincewa da komawa jamhuriya. A Kenya, cikin shekarar da ta hau gado aka kafa dokar ta-ɓaci kan 'yan Mau Mau, kuma sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta yarda ta biya fam miliyan 19 da dubu 900 ga mutum fiye da 5,000 da aka azabtar.

Mu ma a nan abin ya shafe mu. Dattawa na tuna zuwanta Nijeriya a 1956 da gagarumin hawan daba da aka yi mata a Kaduna. Bayan samun mulkin kai a 1960 ita ce sarauniyar Nijeriya, har ran 1 ga Oktoba, 1963 da ƙasar ta zama jamhuriya. Ta sake dawowa Abuja a 2003 taron ƙasashe renon Ingila. Amma wasu in an ambaci gidan, abin da ke faɗo musu shi ne 1903, shekarar da sojan Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, a zamanin Sarki Edward na Bakwai, kakan mahaifinta. Da mai tuna hawan daba da mai tuna Burmi, kowannensu tarihi ne ya riƙe.

Sarki goma zamani goma. Ran da aka naɗa Sarki Charles na Uku, 6 ga Mayu, 2023, 'yan sanda sun kama shugaban ƙungiyar Republic da wasu abokansa kafin su fara zanga-zanga, daga baya aka sake su ba tuhuma, 'yan sandan suka ce sun yi nadama. Mutane da yawa da suka yi wa uwar murna don tsufanta da daɗewarta a bakin aiki, shi ɗan sai sun ga kamun ludayinsa.

To, malam manomi da malam ɗan kasuwa, in za mu taƙaita muku, yawancin mutanen Ingila sun yi murna, wasu hutun kawai suka ci, wasu kuma sun ƙi, sun kuma faɗa a fili. Sarautar ta kai yau ne don ta sakar wa majalisa mulki, ta kuma yarda talaka ya tambaye ta inda kuɗinsa ya tafi. Duk inda kuka ji ana bikin sarauta, ku yi kallon dawaki ku more, sa'an nan ku yi tambayar nan da mai hatsin Dawanau ya yi.

Iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan. Ku ci gaba da aiko da takardunku, a rubuta da kyau yadda za a iya karantawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.