Garkar Bayan Gida da Ajiyar Tumatir



Ku da ke zaune cikin Dallol Mawri, ruwan rijiyarku ba ya da nisa. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira ga noman rani. Kiran nan har yau yana da amfani.

In an gama girbin hatsi, ku kewaye ɗan wuri da kara saboda awaki. Ku zuba taki ruɓaɓɓe. Ku yi renon irin tumatir, ku dasa bayan mako 4. Ban ruwa safe da marece.

Tumatir yana nuna lokaci guda, ya yi arha, ya ruɓe. Da damina kuwa sai ya yi tsada. To, ku ajiye shi.

Ku markaɗa, ku dafa. Ku zuba shi da zafi cikin kwalabe masu tsabta. Kowace lita, a sa babban cokali 2 na ruwan lemun tsami. Ku rufe sosai. Ku jera kwalaben cikin tukunya, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti 45.

Kuɓewa kam ba a sa ta kwalba, tana iya zama guba. A yanka ta, a shanya.

In murfi ya kumbura, ku zubar, kada ku ɗanɗana.

Sai mako mai zuwa. Allah ya ba da sa'a.