Ciwon Zuciya: Ko Tsoho Zai Jure Aikin Buɗe Jijiya?

Yau maganarmu a kan tsofaffi ce. Akan kai dattijo asibiti da ciwon ƙirji, likita ya ce sai an buɗe masa jijiyar zuciya, sai 'ya'ya su dubi juna su ce, "Baba ya tsufa, ina zai iya? Mu koma gida." To, kafin ku ɗaure kaya, ku ji yadda abin yake.

Zuciya tana da 'yan jijiyoyinta waɗanda ke ciyad da ita. Duk mai lambu ya san abin da kan faru in yashi ya cika hanyar ruwa: shuka ta ƙarshe ita ke fara yaushi. Haka kitse kan taru cikin jijiyoyin nan har hanya ta ƙuntata. Ran da gudan jini ya toshe ta, sai naman zuciya ya soma mutuwa.

Aikin da muke faɗi ba a tsaga ƙirji. Mutum yana farke, a yi masa allurar kashe zafi a wuyan hannu ko gindin cinya, a zura siririn bututu cikin jijiya har zuciya. A zuba wani ruwa mai fitowa a hoto don a ga inda ta toshe. Sa'an nan a hura ɗan mitsitsin balan-balan a wurin, a bar wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare jijiyar. Wani likita, Andreas Gruentzig, shi ya fara hura balan-balan ɗin a Zurik, ƙasar Suwizalan, cikin 1977.

Akwai hatsari? Akwai, ba za mu ɓoye muku ba. Tsoho ya fi yaro saurin zub da jini. Ruwan hoton nan yakan wahal da ƙoda, jefi-jefi kuma akan sami shanyewar ɓarin jiki. Amma ku ji wannan. A Birtaniya an gwada mutum 1,518, kowa shekararsa 75 ko fiye, masu irin ciwon da jijiya ba ta toshe ɗungum ba, aka ba da labari cikin 2024. Waɗansu magani kaɗai aka ba su, waɗansu aka haɗa musu da aiki. Cikin waɗanda aka yi wa aiki, waɗanda aikin ya jawo wa matsala ba su kai ɗaya bisa ɗari ba, ciwon kuma bai yawaita komo musu ba. Sai dai wajen yawan mutuwa, kusan kunnen doki aka yi. Watau shekaru kaɗai ba su hana aiki, kuma in likita ya ce magani ya isa, ba yasad da tsohonku ya yi ba. Abin da yakan duba shi ne ƙarfin jiki, da ƙoda, da sauran cututtuka.

In kuwa jijiya ta toshe ɗungum, nan babu jira. Wanda ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an aza dutse, yana zufa, zafin yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, kada a ce ƙwannafi ne a jiƙa masa kanwa. Tsoho, balle mai ciwon suga, wani lokaci ba ya jin zafin ma, sai haki da kasala da rikicewa. Mutanen Kusada da ƙauyukan Kankiya, ɗakin shan magani ba shi da kayan wannan aiki. Ku nemi mota ku tafi babban asibitin Kankiya, in sun tura ku Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku wuce a ranar. Ku tafi da dukan magungunan da yake sha, har na gargajiya. In ya taɓa yin olsa ko baƙin bayan gida, ku faɗa.

Aikin yana da tsada ƙwarai, tun da fari ku tambayi kuɗinsa duk da na magani. Gama bayan an sa ragar nan, tilas a riƙa shan ƙwayoyi biyu masu hana jini daskarewa, galibi asfirin da clopidogrel, wata da watanni. Wanda ya ji sauƙi ya daina, jini na iya daskarewa cikin ragar, ciwo ya komo farat ɗaya. In azumi ya zo, a tambayi likita lokacin sha. Kuma kada jika ya sayo wa Kaka diclofenac ko ibuprofen a kemis don ciwon gwiwa, domin in sun gamu da ƙwayoyin nan sukan sa ciki zub da jini.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.