CIROZERIN, GARIN GAWAYIN ƘASA

Wanga jawabi an yi shi gaban wakilan rassan jam'iyya na kasuwannin Gobir da Katsina da Adar. Sakataren kowane reshe shi karanta ma jama'a shi ran kasuwa bayan la'asar, da ƙarfi, don wanda bai yi lakol ba shi ji.

 

Yau ba zancen kuɗin gujiya zan yi muku ba, ba kuma na lanho ba. Zan ba ku labarin wani ƙaramin gari na ƙasarmu da ake kira Cirozerin. Na san da yawa cikinku ba su taɓa jin sunanshi ba, alhali kun san Kano, kun san Kwatanu, wasunku har Akara sun sani. Wannan abin kunya ne gare mu duka. Wanda bai san abin da ke cikin rumbunshi ba, ko an ɗiba ba shi ganewa.

Cirozerin na arewa da Agadas, a gindin duwatsun Abzin, kusa da hanyar da ta nufi Arlit. Asalin wurin na Abzinawa ne, makiyayan raƙuma da awaki, da masu garka bakin ƙorama waɗanda ke jan ruwan rijiya da sa ko raƙumi, suna noman alkama da masara da albasa. Tun kafin kamfani shi zo, fadocin Katolika sun buɗe makaranta da ɗakin magani a wurin, ɗiyan makiyaya da dama nan sunka fara karatun boko. Kusa da garin akwai wani wuri, Anu Araren. Anu, da Tamashek, rijiya ke nan. Ƙarƙashin wanga wuri Allah ya ajiye gawayin ƙasa, wanda ƴan Nijeriya ke ce ma kwal: baƙin dutse ne mai cin wuta, ba itace aka ƙona a same shi ba.

To mi ya sa anka tono shi? Ku saurara da kyau, nan zancen yake. Faransawa sun gano uraniyom a ƙasar Agadas tun 1957, muna ƙarƙashin mulkinsu. Kamfanin SOMAIR ya fara fid da shi a Arlit cikin 1971, na COMINAK a Akokan cikin 1978. Izinin da ke niƙa dutsen uraniyom ba shi tafiya sai da lantarki mai yawa, man da ake ƙonawa kuwa daga bakin teku ake jawo shi a mota, tafiyar kwana da kwanaki. Da kuɗin mai ya hau a duniya cikin 1973, sai anka tuna da baƙin dutsen Anu Araren. Cikin 1975, zamanin Seyni Kunce, anka kafa kamfanin SONICHAR, mafi yawan jarinshi na gwamnatin Nijar. Cikin 1981 anka kunna injin farko, daga baya na biyu. Ƙarfinsu duka megawat 37 da ɗoriya.

Ba rami mai zurfi ake shiga ba. Ana kware ƙasar sama da manyan motoci, a kwashe gawayin, a kai shi izini a ƙona. Zafin wutar shi tafasa ruwa, tururi shi juya inji, inji shi ba da lantarki. A shekara mai kyau abin da ake haƙowa ya haura tan 200,000. Gawayin na da toka da yawa, shi ya sa duk wanda ya je wurin sai ya ga tudun toka kusa da izini.

Daga nan gari ya tashi. Ma'aikata sunka zo daga Damagaram, daga Maradi, daga Tawa, daga Doso da Yamai. Kamfani ya gina musu unguwa da asibiti. Bayansu ƴan kasuwa sunka biyo, da mahauta, da maɗinka, da mata masu tuwo. Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi, makiyaya da yawa sunka ajiye sanda sunka zauna gefen gari. Yau in ka shiga kasuwar Cirozerin kana jin Tamashek da Hausa da Zabarmanci, ana ciniki ba gardama. Masu ce mana kudu daban arewa daban, su je su ga inda Bagobiri da Ba'abzine ke sahu ɗaya a masallaci, ke kuma tashi aikin dare tare.

Amma ina wutar ta nufa? An miƙa waya fiye da kilomita 150 cikin hamada zuwa Arlit, kuma shekara da shekaru mafi yawan lantarkin can ya tafi, wajen kamfanonin uraniyom. Abin da ya saura anka raba ma Agadas da Arlit da Cirozerin kanta. Uraniyom ɗin ya ƙetare teku, ya haskaka biranen Faransa. Makiyayin da waya ta bi bisa zangonshi, da fitilar hannu yake neman akuyarshi in dare ya yi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ruwa ba shi tsami banza. Cikin abubuwan da sunka sa samarin arewa sunka ɗauki bindiga a farkon shekarun 1990 akwai wanga kuka: arziki na fita daga ƙasarsu, aiki da riba na wuce su. An sa hannu kan sulhu a Yamai ran 24 ga Afrilu 1995, ranar da ta zama ta haɗin kan ƙasa. Wuta ta sake tashi daga 2007 zuwa 2009. Jam'iyyarmu ba ta yarda da bindiga tsakanin ɗiyan uwa ɗaya ba, don wanda ya mutu ta kowane gefe ɗan talaka ne. Amma ba mu yarda a toshe kunne ga kukan gaskiya ba.

Akwai abin da anka samu. Cikin 2004 anka zaɓi majalisun garuruwa da magadan gari ko'ina cikin ƙasa. Cikin 2006 dokar ma'adinai ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke amsa daga haƙar ma'adinai a maida ma garuruwan jihar da anka haƙo su. Doka ce mai kyau bisa takarda. Amma takarda ba ta gina rijiya. Sai mutanen gari sun san da ita, sun tambaya nawa anka turo, yaushe, mi anka yi da shi.

Ku tuna kuma da haɗarin garin da ya jingina ga bango guda. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, don uraniyom ɗin Akokan ya ƙare. Ɗaruruwan ma'aikata sunka rasa aiki, SONICHAR ta rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarta. In albashi ya tsaya, mahauci shi ke fara ji, sa'annan mai tuwo, sa'annan mai hayar ɗaki. Gawayi ba gero ba ne, ba a shuka shi. Abin da anka ɗiba ya tafi ke nan. Maƙwabtanmu sun ga haka a Enugu, garin da kwal ya kafa, inda ƴan sandan Ingilishi sunka harbe mahaƙa 21 ran 18 ga Nuwamba 1949 don sun nemi hakkinsu. Jininsu ya ƙara ma neman mulkin kai ƙarfi, amma da jiragen ƙasa sunka koma shan mai, ramukan sunka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce: mu da ke kudu, ina ruwanmu? Ruwanmu biyu. Na ɗaya, cikin Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana, Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai sunka kwana cikin duhu, arewa kuwa ba ta rataye ga wayar kowa ba, ko da yake injinanta sun tsufa, su ma suna tsayawa. A Salkadamna, cikin jihar Tawa, akwai gawayi mai yawa. An aza tubalin farko na izini cikin 2014, shekara 10 bayan haka ba a kunna inji ba. Na biyu, ku tambayi matanmu nawa damin itace yake yau. Dajinmu na ƙarewa cikin murhu, alhali ana gasa gawayin Anu Araren a rage mishi hayaƙi don dafa tuwo. In bai iso kasuwarku ba, ko ya iso da tsada, abin tambaya ne.

Saboda haka ga aikin da jam'iyya ta ɗora ma kowane reshe.

Na farko, ku karanta wanga takarda gaban jama'a, ku maimaita ma waɗanda ba su zo ba.

Na biyu, ku aika mutum biyu, namiji da mace, ofishin magajin gari, su nemi a gwada musu lissafin kuɗin gari na bana. Su je da ladabi, su koma har sai sun gani.

Na ukku, ku rubuto mana kuɗin damin itace da na buhun gawayi a kasuwarku, kasuwa huɗu jere.

Na huɗu, duk wanda ke da ɗa ko ƙane mai aiki a Cirozerin ko Arlit, shi kawo shi taro in ya zo hutu, mu ji daga bakin mai ɗaki.

Ƴan'uwa, tutar da anka ɗaga cikin 1960 ba ta isa ba, sai ranar da talaka ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarshi, ya kuma sami ta cewa a kai. Allah shi kiyaye masu aikin dare a Anu Araren, shi ba mu damana mai albarka, shi haɗa kanmu. Amin.