Hirar Cibiyoyin Yaƙi da Jahilci: Ƙibar Yaro Ba Ita Ce Lafiyarsa Ba

Hirar wannan wata kan yara take. Ba kan yaron da yunwa ta ramar ba. An sha yin waccan hira, kuma za a sake yin ta. Yau magana kan yaron da ya cika zama ne, har jikinsa ya yi masa nauyi.

Wani zai yi dariya ya ce: "A Difa? Ƙasar da ake auna dantsen yara ana ba su abincin tamowa?" Mai wannan magana yana da gaskiyarsa. Tamowa ta fi ƙiba yawa a jihar nan, nesa ba kusa ba. A shekara ta 2025, asusun kula da yara na duniya, wato UNICEF, ya ba da labari cewa yara da samari masu muguwar ƙiba sun kai miliyan 188 a duniya. Ya ce karo na farko ke nan da suka fi ramammu yawa. Amma ya ware ƙasashen Afirka na kudu da Sahara da na kudancin Asiya, ya ce su ba su kai nan ba tukuna. To, tun ba a kai ba ya kamata a yi magana. Tun ran gini ran zane.

Tsofaffi sun san yadda yaron Komadugu yake tashi a da. Da asuba yana bayan ubansa zuwa gonar tattasai. Ya ja jigo, ya gyara hanyar ruwa, ya kori tsuntsu daga shinkafa. In kogi ya kawo ruwa, yana ciki yana iyo da kamun kifi. Yarinya kuwa ga daka, ga ɗebo ruwa, ga neman itace. In farin wata ya fito, sai dandali: maza su yi langa da kokowa, mata su yi gaɗa har dare ya raba. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki. Zaman duniya ne kawai.

Ba a ce a koma wa wahalar da ba. Wasu ayyukan sun fi ƙarfin yara. Injin ban-ruwa da injin niƙa da famfo duk alheri ne. Sai dai jikin ɗan Adam an yi shi ne don motsi. In inji ya karɓe aikin, dole a samo wa jiki wani abu a madadinsa.

A nan kuma ba inji kaɗai ya zaunar da yara ba. Ran 6 ga watan Fabrairu na 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana yawon dare. Mutane da yawa suka bar garuruwan bakin kogi. Wasu suka zauna gefen babbar hanyar kwalta, wasu suka shigo cikin garin Difa. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta sake tada wasu. Yaron da ya saba da gona da kogi, sai ga shi ba shi da komai sai tabarma a bakin ƙofa. Uwa ta hana shi nisa don tsoro. Wa zai ga laifinta? Daga nan salula da talabijin suka samu wuri. Yaro ya zauna tun azahar yana kallo, har a kira magariba bai tashi ba.

Abinci ma ya sake. A gari, abin da ke cika ciki da araha shi ne fanke, da taliya, da farar shinkafa da mai, da biskit, da lemo. A lura da lemon kwalba. Kwalba guda mai santilita 33 ta baƙin lemo tana da sukari wajen giram 35. Wato ƙwayar sukari 6 ko 7 ke nan. Babu uwar da za ta zuba ƙwaya 7 cikin kofin kunu ɗaya ta miƙa wa ɗanta. Amma in cikin kwalba ne, sai a ga kamar gata aka yi masa. Zoɓo da lemon leda da aka cika wa sukari su ma hanyarsu ɗaya. Irin wannan abinci yana ƙara kitse, ba ya gina jini da ƙashi. Shi ya sa a gida guda a kan samu ƙarami yana fama da tamowa, yayarsa kuma ta yi ƙiba, alhali jininta bai isa ba.

In yaro ya yi ƙiba, sau da yawa kaka ce ke fara murna. Ta ce wa matar ɗanta: "Ke 'yar nan, bar shi ya ci. Mu da muka ga fari mun san abin da rama take." Matar ta sunkuyar da kai ta ce: "To, Inna." Kaka ba ƙarya ta yi ba. Ta ga farin 1973, ta ga na 1984. Abin da ba ta gani ba shi ne inda wannan hanya take kaiwa. Wasu ƙasashe sun riga sun gani.

Alhazai sun san ƙasar Saudiyya. An samu man fetur can a 1938. Kafin haka mutanenta da yawa makiyaya ne da manoman dabino, masu tafiyar ƙafa cikin rana. Da arziki ya zo, sai mota ta kai yaro makaranta, mota ta maido shi. Zafi ya hana shi fita, ɗaki mai sanyi ya riƙe shi. Tsakanin 2009 da 2010, wani malamin jami'a mai suna Hazza Al-Hazza tare da abokan aikinsa suka bincika 'yan makaranta 2,908 a biranen Riyad da Jidda da Al-Khobar. Shekarunsu daga 14 zuwa 19. Suka tarar cikin samari 100, guda 84 suna wuce awa 2 kullum gaban talabijin ko kwamfuta. Cikin 'yan mata 100 kuwa, guda 91. Wajen rabin samarin ba sa motsa jiki yadda ya kamata. 'Yan matan kuwa, 3 cikin 4. A 2017 gwamnatin ƙasar ta ɗora haraji na kashi 50 cikin 100 kan lemon kwalba. A wannan shekara ce kuma ta yarda 'yan mata su riƙa wasannin motsa jiki a makarantun gwamnati. Su suna da manyan asibitoci da kuɗin magani. Manomin Geskeru ko na Shetimari fa? In ciwon sukari ya kama ɗansa yana saurayi, buhun tattasai nawa zai sayar kowace shekara? Ciwon sukari da hawan jini ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana 3 a warke. Abokan zama ne har ƙarshen rai.

Hukumar lafiya ta duniya ta faɗi abin da jikin yaro yake so. Daga shekara 5 zuwa 17, a ƙalla minti 60 kullum na motsi mai sa numfashi ya ɗaga, gumi ya fito. Awa guda ke nan. Ba dole a yi ta lokaci ɗaya ba. Tafiya makaranta da sauri, da ƙwallo, da langa, da tsallen igiya, da tuƙa keke, da taya aikin gona, duk suna cikin lissafi. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa guda a yini. Jariri kuwa kada a ba shi salula don ya yi shiru. A ƙasar zafi irin wannan, lokacin wasa shi ne da safe ko bayan la'asar, kuma a ajiye ruwan sha kusa.

Maganar 'yan mata ta fi nauyi. Namiji ko an hana shi zai sulale ya je ƙwallo. Yarinya da ta fara girma sai a ce ta zauna gida. Ga shi kuma ana son budurwa ta yi jiki kafin aure. Nan ne masu tallar magani a kasuwa suke samun ciniki da ƙwayar da ake kira "sha ka fashe". Sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai mai suna dekisa. Magani ne mai ƙarfi, na wasu cututtuka, wanda likita kaɗai ke da ikon ba da shi. Mai shan sa don ƙiba, fuskarta za ta yi zagaye, ciki ya fito, a ce ta yi kyau. A ɓoye kuwa yana tada sukarin jini, yana kawo hawan jini, yana raunana ƙashi, yana hana yaro tsawo. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari farat ɗaya, don wannan ma haɗari ne. Ta je gidan likita a rage mata sannu sannu.

Kada kuma a ɗauki kumburi a ce ƙiba ce. In ƙafafun ƙaramin yaro sun cika, a danna bayan ƙafa da babban yatsa, a ƙirga 1, 2, 3. In rami ya tsaya a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani. A kai shi likita a ranar. Shi kuma yaro mai ƙiba, a duba bayan wuyansa. In fatar ta yi baƙi ta yi kauri, an wanke ba ta fita, ba dauɗa ba ce, a kai shi a auna jininsa. Haka in yana yawan jin ƙishirwa da yawan fitsari. Kada a hana shi abinci, kada a yi masa ba'a gaban 'yan'uwansa. A rage sukari da soye-soye, a ƙara wake da kifi da ganye, gidan duka su ci iri ɗaya.

Saura wurin wasa. A ƙarshen shekara ta 2022 an yi kokowar takobi ta ƙasa a Difa, wadda aka fara tun 1975 a Tawa. Yaran da suka ga wannan taro ba sai an roƙe su su shiga fage ba. Fili kawai suke nema. Bulama da mai unguwa suna iya ware wuri cikin gari, kusa da idon manya, nesa da bakin kogi in babu kwanciyar hankali. A share ƙaya da fasassun kwalabe. Maza su samu gefensu. 'Yan mata su samu nasu, ko da cikin wani babban gida ne, wata dattijuwa tana zaune tana lura. A fara bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba.