Wanda Aka Ɗaure da Mari

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Markus, sura 5, aya 1 zuwa 20, labarin mutumin nan da yake kwana a makabarta. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, amma bai warke ba. Da suka gaji, sai suka bar shi can.

'Yan'uwa, ba ina cewa mai shan ƙwaya yana da aljannu ba ne. A'a, ciwo ne da yake bukatar likita. Abin da nake so mu duba shi ne halin mutanen garin, domin yana kama da namu.

A shekarar 2018, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun yi bincike a Nijeriya duka. Sun tarar mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya cikin shekara guda, ban da giya da taba. A Jihar Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Cikin kowane huɗu kuma, ɗaya mace ce. Kada mu ce ai 'ya'yan wasu ne. Wiwi da taramol ba sa tambayar addinin mutum, giya da burkutu kuwa mun san gidajen da suka rusa a cikinmu.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a binciken nan shi ne, da yawa daga cikin waɗanda abin ya yi wa katutu sun ce suna son magani, ba su samu ba. Tsada ta hana wasu, wasu kuwa tsoron bakin mutane. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, nan Gyadi-Gyadi, da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Ga kuma asibitin Dawanau. Amma uwa a Tarauni, wadda da ƙafa ma za ta iya isa asibitin Malam, sai ta kulle 'yarta a ɗaki, don kada a ji a ce ta haukace, ta rasa mijin aure. Wasu iyayen kuma suka miƙa 'ya'yansu gidajen mari. Kun tuna a 2019 yadda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga irin gidajen nan a Kaduna da Daura, ƙafafunsu cikin ƙarfe.

Da Yesu ya warkar da mutumin, mutanen garin suka zo suka same shi zaune, da tufa, cikin hankalinsa. Maimakon murna, sai tsoro ya kama su. Shi ya roƙi ya bi Yesu, amma Ubangiji ya mai da shi gida wurin danginsa. To, idan an sallami ɗanmu daga asibiti ya shigo sujada ran Lahadi, wa zai matsa masa wuri a benci? In ya sake faɗuwa, gama hakan yakan faru a wannan ciwo, wane dattijo ne zai raka shi ya koma wurin likita?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi uwar da take ɓoye 'yarta a daren nan, ka ba ta ƙarfin hali ta kai ta asibiti gobe. Ka taimaki likitoci da masu jinya na Gyadi-Gyadi da Dawanau. Cikin sunan Yesu, amin.